Wanne Ne Na Ƙarshe? Darasin Lamba Daga Masu Facin Gem Na Birnin Zazzau



Akwai tambaya ɗaya da ke damun masu sana'a biyu a cikin birnin Zazzau, kodayake ba su san damuwarsu ta zo ɗaya ba: wanne ne na ƙarshe? Marubucin da ke da kwafi bakwai na labari guda a wayarsa yana yin wannan tambaya. Yaron da ke yi wa gem ɗin ƙwallo kwaskwarima yana raba wa abokai ta Xender shi ma yana yin ta. Mu da muke tsakani, ga rubutu a hannu ga ƙanne masu gem a zaure, mun lura cewa masu gem sun riga marubuta samun amsa. Amsar tasu kuwa tana da amfani ga duk mai son rubutunsa ya isa hannun mai karatu yadda ya bar shi.

Bari mu fara da bayanin sana'ar, saboda waɗanda ba su taɓa leƙa gidan gem ba. Kamfanin Konami na Japan shi ke yin gem ɗin ƙwallon da muka taso muna kira Winning Eleven, daga baya PES, wanda aka sauya wa suna zuwa eFootball a 2021. Na ƙarshe da kamfanin ya fitar don ƙaramar na'urar nan ta hannu, PSP, shi ne PES 2014. Amma yau in ka shigo ta Ƙofar Doka ka nufi Babban Dodo da yamma, ba za ka rasa samari a dakali suna buga PES mai ɗauke da 'yan wasan kakar bana a wayar Android ba. Suna yi ne ta manhajar PPSSPP, wadda ta fito a 2012 kuma take sa waya ta yi aikin PSP. Injin gem ɗin tsoho ne, kayan jikinsa ne sababbi. Wasu masu haƙuri ne ke buɗe cikinsa, su canza sunayen 'yan wasa da fuskokinsu da rigunansu, su mayar da wanda aka saya zuwa sabon kulob ɗinsa. Wannan aiki shi ake kira mod. Mu kira shi faci, kamar na mai facin taya, don ba sabuwar taya ake ƙerawa ba, tsohuwar ake sa wa ta ci gaba da tafiya.

Facin yakan zo kashi uku. Akwai babban fayil na gem ɗin, akwai foldar SAVEDATA mai riƙe da sunaye da jerin 'yan wasan kowane kulob, akwai kuma foldar TEXTURES mai riƙe da riguna da fuskoki da tambari. Dole ukun su zama na ɗauri ɗaya. In ka haɗa sunayen wannan wata da rigunan watan jiya, sai ka ga ɗan wasa da sunan wani, fuskar wani, rigar kulob ɗin da ya bari.

Wani ƙanenmu a unguwa ya ƙware a wannan aiki har abokansa suka daina nema a intanet, sai nasa. Shi ya zauna ya saka Kano Pillars da Katsina United cikin gem ɗin da hannunsa. Yadda yake sa wa fayilolinsa suna kuwa shi ne "sabo", sai "sabo 2", sai "sabo na gaske", in ya gaji kuma ya sake komawa "sabo". A wani hutun Sallah samarin unguwa suka shirya gasa a tsakaninsu, kowa ya yi atisaye a wayarsa. Ranar wasa rigima ta tashi. A wayar wannan, ɗan gaban kulob ɗin yana gudu kamar barewa. A wayar wancan, da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Kowa ya buɗe foldarsa, kowa ya nuna suna ɗaya: sabo. Aka ce mai facin ya yi maguɗi, ya ba amininsa mai ƙarfi ya ba sauran na banza. Gaskiyar magana, yaron ya ga ya cika wa ɗan wasan ƙarfi fiye da kima, ya rage tun kwana uku kafin gasar, ya sake rabawa. Tsohon kwafin ne ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya da irin sunan sabon. Ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa, domin babu lamba, babu kwanan wata. Gyaran da ya yi don adalci shi ya zama hujjar zarginsa.

Wannan matsala ba ta Zariya kaɗai ba ce. Masu yi wa gem faci a duniya sun sha ta tun da daɗewa, musamman masu Minecraft, gem ɗin kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin da cikakkensa ya fito a 2011. A can facin da aka gina don Minecraft 1.16.5 ba ya yawan tashi a 1.20.1, don haka lamba ita ce abin da mai saukewa ke fara dubawa. Lambar facin tana bukatar bayyana a wurare da dama: a sunan fayil, a cikin ɗan fayil ɗin da ke gabatar da facin ga gem, a shafin da ake saukewa. Muddin hannu ne ke rubuta ta a kowane wuri, wata rana sai an canza biyu an manta na uku. Ɗan Adam ajizi ne, balle wanda ya kwana yana neman inda aiki ya karye.

Maganin da suka samu bai da wuyar fahimta. Lambar ta zauna a wuri ɗaya tak. Masu amfani da Fabric, ɗaya daga cikin hanyoyin ɗora faci a Minecraft, suna rubuta ta a fayil guda mai suna gradle.properties. A sauran wuraren sai su bar gurbi, kamar yadda ake barin gurbin suna a katin ɗaurin aure. Duk lokacin da aka ce wa manhajar Gradle ta harhaɗa facin, ita ce ke ɗauko lambar ta cike kowane gurbi, ta kuma liƙa ta a sunan fayil ɗin da ya fito. Ba yadda za a yi suna ya ce 1.3 ciki ya ce 1.2, tunda daga rijiya ɗaya aka ɗebo.

Wasu sun ƙara gaba, suka ce ko wannan wuri ɗayan ma kada hannu ya riƙa taɓa shi kullum. Suna ajiye aikinsu da Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, wadda ke riƙe tarihin kowane canji da ranarsa da wanda ya yi shi. In mai aiki ya kai wani mataki sai ya kafa alama, a ce 1.2.0. Daga nan duk lokacin da aka harhaɗa aiki, Git na iya ba da suna irin wannan: 1.2.0-5-g3f9c2ab. Ma'anarsa, alama ta ƙarshe ita ce 1.2.0, an yi canji 5 bayanta, haruffan ƙarshe kuma su ne zanen yatsan ainihin canjin da aka tsaya a kansa. Wanda ya kawo ƙorafi da wannan suna, mai facin zai koma daidai kan abin da ke hannunsa, ba sai an yi ta rantse-rantse ba.

Lambobin uku masu ɗigo a tsakani su ma suna da ƙa'ida. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta ta da sunan SemVer, kuma sigarta ta 2.0.0 ta fito a 2013. Lambar ƙarshe tana hawa in an gyara kuskure kawai. Ta tsakiya tana hawa in an ƙara sabon abu wanda bai rushe tsohon ba. Ta farko tana hawa in canjin ya kai yadda abin da ya dogara da tsohon ba zai yi aiki da sabon ba. Aikin da bai nuna ba tukuna yana farawa da sifili. Sai sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a ganinmu: abin da aka riga aka saki da lamba ba a sake taɓa shi. Ko ɗigo ka canza, sai ka ba shi sabuwar lamba. Bahaushe ya riga ya faɗa, magana zarar bunu ce.

Ƙanen namu bai kai ga Gradle ba, facinsa bai bukace ta ba. Wani ɗalibin kwamfuta daga Samaru ne ya nuna masa yadda zai rubuta 'yan layuka a manhajar Termux ta waya. Yanzu in ya gama gyara sai ya ba da umarni ɗaya. Wayar ta karanta lamba daga fayil guda, ta ƙara kwanan wata, ta ajiye 'yar takarda mai ɗauke da su a kowane kashi na facin, ta ƙulle duka a ƙunshi ɗaya mai wannan suna. In wani ya zo da ƙorafi, tambayar farko ita ce, "Wace lamba ce a wajenka?" Da muka tambaye shi abin da ya fi jin daɗi a sabon tsarin, cewa ya yi, "Yaya, yanzu ba ni nake tunawa ba, wayar ce ke tunawa."

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, wannan hikima ba baƙuwa ba ce a cikin ganuwar nan. Wanda ya taɓa zama a zauren malami a Unguwar Juma ko Kona ya ga littattafan hannu a gafaka, warƙa-warƙa ba ɗinki. Me ke hana su rikicewa in iska ta watsa su? A ƙasan bayan kowace warƙa mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, ta yadda kowace takarda ita da kanta take faɗin wadda ke bin ta. In ya tsallake kalma sai ya rubuta ta a gefe ya sa alamar cewa gyara ne ingantacce. In ya kai ƙarshe ya rubuta "tammat", sau da yawa yakan ambaci sunansa, wani lokaci har da wanda aka yi wa kwafin da ranar gamawa.

Mawallafan waƙoƙin ajami kuma suna da ramzi, wato saka shekarar da aka gama waƙa cikin wata kalma a baitocin ƙarshe. Kowane harafi yana da lissafinsa. A tsarin Magariba da malamanmu ke bi, shin 1000 ce, ra 200, nun 50. Kalmar da ta tara waɗannan uku tana nufin 1250 ta Hijira, wajen 1834 ke nan. Dubi dabarar da kyau. Ba a bango aka rubuta shekarar ba, inda zai iya yagewa. A cikin jikin waƙar aka saƙa ta, da karinta da amsa-amonta, yadda duk wanda ya haddace ko ya kwafa dole ya tafi da ita. Abin da masu Minecraft ke nema da Gradle ke nan: lamba ta bi aiki duk inda ya je.

Da ɗab'i ya zo, Zariya ce dai ta ci gaba da al'adar. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kowace fitowa tana da lamba da kwanan wata a goshinta, shi ya sa mai bincike yau zai iya cewa ga ranar da aka faɗi kaza. Littattafan kamfanin NNPC da aka kafa a 1966, in ka juya bayan shafin take, za ka ga shekarar bugun farko da shekarun da aka sake bugawa. Muna yara mukan tsallake wannan shafi mu tafi ga labari. Sai da muka fara rubutu muka gane shi ne shaidar haihuwar littafi.

To, ina muka kwana mu marubutan waya? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Labari yana fita shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Kafin marubuciya ta kai babi na goma, wani ya tattara tara na farko ya mai da su fayil guda yana rabawa, wani kuma ya fara karantawa a YouTube. WhatsApp yana ba da minti 15 ne kacal na gyara saƙo, kuma abin da aka riga aka tura gaba ya tafi ke nan. In ta gano ta kira jarumar Zainab a babi na biyu, Zulaihat a na shida, ko ta kawo hukuncin idda ba daidai ba wani malami ya ja hankalinta, za ta gyara. Amma tsohon kwafi yana can yana yawo da sunanta, ba abin da ya bambanta shi da gyararren. Bayan shekara biyu wani zai ɗauko shi ya yi mata raddi a kan kuskuren da ta daɗe da cirewa. Halin da ƙanenmu ya shiga ke nan, sai dai nata ya fi zafi, don ilimi da mutuncinta ake taɓawa.

Haka abin yake wajen gasa. Mai shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, tana da dama ɗaya ta turawa. In foldarta na ɗauke da "labari gyara", "labari na ƙarshe" da "labari na ƙarshe sosai", kuma lokaci ya ƙure, caji ya kusa ƙarewa, sa'a ce kawai za ta raba ta da tura wanda bai nuna ba. Watanni na aiki bai kamata su rataya a kan sa'a ba.

Ga abin da muka aro daga masu faci, kuma muka ga yana aiki ko a waya kaɗai. Na farko, kowane labari ya zama yana da uwar fayil guda ɗaya. Duk abin da zai fita, daga jikinta za a yanko. In an ga kuskure a abin da aka saki, uwar ake fara gyarawa, sannan a sake yankowa. Wanda ya gyara a WhatsApp ya bar uwa da kuskurenta, ranar da zai haɗa littafi kuskuren zai dawo.

Na biyu, a bar na'ura ta riƙe tarihi. Google Docs yana ajiye sigogin rubutu da kansa da ranakunsu, yana kuma barin ka sa wa wadda ka ga dama suna. Wannan shi ne kafa alama irin ta Git. Masu Microsoft Word a kwamfuta suna da filaye biyu da za su iya sakawa a ƙasan shafi: SaveDate mai nuna ranar ajiyar ƙarshe, da RevNum mai ƙirga sau nawa aka ajiye. Irin wannan tarihi yana da wani amfanin kuma, ranar da aka wayi gari wani ya ce labarin nasa ne.

Na uku, in za a sa kwanan wata a sunan fayil, a fara da shekara, sai wata, sai rana: 2025-03-07. Da haka waya za ta jera su daga tsoho zuwa sabo da kanta. In aka fara da rana, 30 ga Janairu za ta zo bayan 2 ga Maris, a koma gidan jiya.

Na huɗu, a yi ramzi. Lambar ta shiga jikin rubutun, a layin farko ƙarƙashin take da sunan marubuci, ba a sunan fayil kaɗai ba. Mai kwafa yakan canza sunan fayil, amma da wuya ya tsaya goge layi ɗaya. A ƙarshen uwar fayil kuma a ajiye 'yan layuka na abin da ya canza a kowace lamba: an daidaita sunan jaruma, an gyara hukuncin idda a babi na shida.

Lambobin uku suna zama daram a kan labari. Daftari yana farawa da sifili: 0.1, 0.2, har ya nuna. Ranar da aka sake shi ga jama'a ya zama 1.0.0. In ƙa'idar rubutu aka gyara, an mayar da d zuwa ɗ, an raba kalmomin da aka haɗe, ya zama 1.0.1, kuma wanda ya karanta na baya bai rasa komai ba. In an ƙara fitowa ko an faɗaɗa hira ba tare da labarin ya sauya hanya ba, 1.1.0. In kuwa an canza ƙarshe, ko wanda ya mutu a da yanzu ya rayu, wannan 2.0.0 ne, kuma mai karatu yana da haƙƙin a gaya masa cewa abin da ya sani ya tashi.

A nan ne iyakar na'ura take. Za ta ƙirga, za ta sa rana, ba za ta manta gurbi ba. Amma ba ta san nauyin canji ba. Ko manhajojin da ke zaɓar wa masu faci lamba da kansu, suna dogara ne da ɗan bayanin da mai aikin ya rubuta a kan kowane canji, ko gyara ne ko ƙari ko rushewa. A rubutu abin ya fi haka laushi. Kalma ɗaya, a ce an mayar da "ta yafe" zuwa "ta yi shiru" a layin ƙarshe, na'ura za ta ga ƙaramin canji, alhali labarin gaba ɗaya ya juya. Hukuncin wace lamba za ta hau na marubuci ne, kuma yin hukuncin kansa horo ne. Wanda ya saba tambayar kansa "me na canza, kuma wa ya shafa?" ya fara zama editan kansa.

Akwai kuma wani alheri da ba mu zata ba. Da yawa daga cikin masu tasowa suna riƙe da labari shekara da shekaru, suna tsoron saki don kada a ga aibi. Mai faci ba ya wannan tsoro, domin ya san bayan 1.0.0 akwai 1.0.1, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da lamba ke nema a wurinsa shi ne ya yi iya ƙoƙarinsa kafin saki, in ya gyara kuma ya faɗa a fili. Masu kwafin littattafai na zaurukan birni ma haka suka yi: suka rubuta gyara a gefe inda kowa zai gani, suka sa suna da rana, suka roƙi mai karatu addu'a.

Saboda haka wanda ke da labari a waya, yau ya zaɓi uwa ɗaya cikin kwafin da ya tara, ya sa mata lamba a layin farko, sauran ya tura su wata folda ta tsofaffi. Wanda kuma daftarinsa ya daɗe a sifili, ya duba ko lokacin 1.0.0 bai yi ba.